Rasuwar Ampilin Mushe Sa'adu

Da zuciya cike da baƙin ciki, da fushin da bai huce ba, Mushe (wato Malam) Sa'adu, malamin yaƙi da jahilci a Dakoro, yana sanar da rasuwar ampilinsa, akwatin nan da ke ɗaga muryar gitarsa. Ya cika ranar Lahadi bayan la'asar, a ƙofar gidan Alhaji Cindo mai hatsi. Kuna wurin. Kun ji nishinsa, kuka ci gaba da rawa.

Marigayin ya zo daga Maradi a bayan motar gyaɗa, shekara uku bayan samun mulkin kai. In aka tada injin wuta, sai fitilun cikinsa su yi ja, ya ce "hmmm" a hankali, kamar dattijo mai gyaran murya. Waƙa biyu Sa'adu ke yi, manoma da makiyaya su taru, sai ya jingine gita ya ɗauki alli. Da haka magidanta arba'in suka iya rubuta sunansu.

Bai taɓa ihu ba. Asirin natsuwarsa wata siririyar waya ce da ke ɗebo kaɗan daga muryar da ta fita, ta mai da shi ciki a juye, ya danne duk abin da ya wuce kima. Tana rage masa ƙarfi, gaskiya ne. Amma ita ta sa babbar tsirkiya ke fita daram ba rawa, ƙarama kuma tas, har mutumin da ke bayan taro ya bambanta su.

Ciwon ajali ya same shi wajen aro. Alhaji Cindo ya dawo daga Makka, ya nemi aronsa don biki, kuma a garin nan girman biki shi ne nisan da ƙararsa ta kai. Sa'adu ya ji nauyin furfura, ya kasa hanawa, wannan laifin nasa ne kuma ya ɗauka. Aka ce murya ba ta kai kasuwar dabbobi ba, sai Ɗangoggo mai gyaran rediyo ya buɗe bayan akwatin ya datse wayar. Nan take ƙara ta ƙaru, aka yi guɗa. Muryar ta dishe, ta koma gurnani, "garrr, garrr", aka ƙara murɗa shi har ƙarshe. Amsa-kuwwar ta ƙone ta yi shiru, ba wanda ya kashe wuta, maroƙa na ta buga masa baya don ya farka. Hayaƙi ne ya sanar da su.

Ya bar gita ɗaya da ba a jin ta daga taku goma, da allo, da ɗalibai arba'in, waɗanda shida kawai cikinsu suka zo aji tun ranar. Mai duba makarantu zai iso daga Maradi ranar Alhamis. Aji mai mutum shida rufe shi ake yi.

Za a ajiye gawar a kan teburin lakwal, wato makaranta, ranar Laraba bayan la'asar, bayanta a buɗe, kowa ya ga inda aka yanka. Ba a karɓar goro, ba a son kuka. Wanda ya yi rawa ranar Lahadi ya san hanya. Ku zo, ku zauna a kan tabarma, ku ɗauki alli, kuma ku dawo Alhamis ba tare da an kaɗa muku komai ba.