Wayifai Ba Ƙyaure

"...da gajiyar hanya? Madalla. Sai dai fa an ƙara muni, amarya."

"Muni gado ne, tsoho, kuma kowa ya san inda na kwaso."

Radiya ke nan da kakanta Malam Labaran, a zaurensa na Kusfa. Bayan la'asar za a yi mata ganawar neman aikin jinya ta bidiyo, shi ya sa ta taho gidan da kawunta ya sa wa wayifai. Sai ta tarar da ƙarti jere a jikin katanga, kowa ya duƙufa kan wayarsa, datar kuwa saura ƙiris. Hankalinta ya tashi sosai, don ta daɗe tana jiran wannan rana.

"Wa ya cire lambar sirrin?" in ji ta.

"Ni na sa aka cire. Kin taɓa ganin an sa wa rijiyar unguwa kwaɗo? Maƙwabci yana da haƙƙi."

"Haƙƙin kallon ƙwallo? Gida bai ƙoshi ba ka kai wa dawa!"

"Ke rufa mana baki. Ina buga tangaraho a gidan waya tun ubanki bai san hanyar makarantar allo ba. Daga nan har Ikko saƙona ke zuwa, babu wata lambar sirri."

"Ai lokacin kalma biyar ce sai ka tashi shan fura. Yanzu ko ɓarawo ya jingina da katangar nan, sai ya leƙa cikin wayarka."

"Ya leƙa mana! Me zai gani? Gaisuwar mutanen kirki. Jiya ma wata baiwar Allah ta aiko mini imel daga ƙasar waje, mijinta ya rasu ya bar mata gado, duk duniya ni ta amince wa."

"Inna lillahi! Ka amsa?"

"A yi mini sallama in yi shiru? Har ta'aziyya na yi mata, na tambayi yara."

"Tsoho, wannan gardi ne, wataƙila ma da gemu ya fi naka! Mutum dubu ya tura wa."

"Baƙin ciki kike don an ga kyan mijinki."

"Miji ba haƙori? Ko akuyar gidan nan sai ta yi shawara."

"Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi..."

"To hango mini data daga inda kake zaune."

Aka kira la'asar. Radiya ta dubi wayarta, murya ta sauka, wasan ya gudu daga fuskarta.

"Kaka, in ta yanke ana tsakiyar magana, wata za su ɗauka."

Malam Labaran ya dube ta. Rabon da ta kira shi Kaka har ya manta.

"Je ki kulle," in ji shi. "Amma kada ki faɗa mini lambar. Na san halina, kafin magariba liman ma ya haddace ta."

Ba a jima ba aka fara gyaran murya a waje. Hamisu tela, ɗaya daga cikin masu jingina da katangar, ya leƙo.

"Malam, lafiya? Abin ya ɗauke."

Tsohon ya kwashe da dariya har rawaninsa ya karkace.

"Ku yi haƙuri, jama'a, an yi juyin mulki. Ni ma mai gidan yau a waje nake, ku matsa mini in jingina."