Waken Inna a Makarantar Ummi

Ba zan taɓa mantawa da sanyinmu na biyu a unguwar Bronx ta New York ba, ko da na so in manta maƙwabciyata Anti Fati ba za ta bari ba. Har gobe in muka haɗu a matattakalar bene sai ta ƙirƙiro atishawa, ta ce "Alhamdu lillahi," tana kallona ta wutsiyar ido.

Abin ya faro ne ranar da 'yata Ummi ta dawo daga makaranta da fararen safa a hannu. Shekararta takwas a lokacin. Ta tsaya a ƙofar kicin tana zuba min bayani da Turanci (haka take fa, duk Hausar da zan yi mata tana ji tsaf, amma amsa sai da Turanci, kamar wadda aka yi wa asiri. Na yi lallashi, na yi faɗa, na yi alkawarin alawa, duk a banza). Wai makarantarsu za ta yi bikin shigowar sanyi, an ce iyaye su haɗa 'yan mutum-mutumin dusar ƙanƙara na ado, a jera a teburin kowane aji. Ba da ƙanƙarar gaske ba, da safa. A yanke safa, a ɗura mata shinkafa, a ɗaure da roba ta fitar da kai da tumbi, a manna maɓallai da gam, ragowar safar kuma a kifa masa a matsayin hula.

Na ce, "Shinkafa? Wadda ake ci?"

Ta gyaɗa kai.

Na ajiye ludayi na yi dariya har da riƙe ƙugu. Ikon Allah sai kallo! Mutanen da suka haƙa hanyar jirgi a ƙarƙashin ƙasa, su ne za su zauna da girmansu suna ɗura abinci a abin da ake sa wa ƙafa, kuma wai wannan shi ne fasaha. Mu da muka tashi a Kano muna haɗa 'yar tsana da karan dawa, mu yi mata kitso da zare, mu ɗinka mata zani da riga, ba mu taɓa ɓata ƙwayar hatsi ɗaya ba. Duk na faɗa mata wannan, har da ƙari.

Ummi ba ta yi dariya ba. Ta kama gefen zanina, ta ce da Turancinta, a hankali, don Allah Mama wannan karon kawai in yi irin na kowa.

Na san abin da take nufi. Farkon zangon karatu na taɓa zuba mata tuwo da miyar kuka a kwanon tafiya makaranta, daddawa ta ji, man shanu ya ji. Tana buɗewa yara suka toshe hanci suka watse. Tun daga ranar ita kaɗai take cin abinci a ƙarshen tebur. Sai a 'yan kwanakin nan ne wata yarinya mai suna Lusiya ta fara zama kusa da ita, kuma kullum Ummi ta dawo sai na ji Lusiya ta ce kaza, Lusiya ta yi kaza. Wannan ƙawar guda ɗaya ita ce duk abin da yarinyar nan ta mallaka a makarantar. Na ce mata, "To, na ji. Irin na kowa." Na ma dafa kanta da na faɗa.

Washegari na ci karo da Anti Fati. 'Yar zangon Kumasi ce, tana zaune a saman bene, aikinta kula da tsofaffi a gidajensu, ɗanta kuma ajinsu ɗaya da Ummi. Ta daɗe a ƙasar nan har ta saba da shirmensu. Ta ce min, "Maman Ummi, ka je shagon kwana, akwai shinkafa mai araha, shi kowa ke sawa." (Hausarta ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "ka" ne, ni kuma a lokacin da wannan nake raina ta.) Na ce mata na gode. A zuciyata kuwa na ce, ke da kika koyi Hausa a kasuwa za ki koya wa 'yar cikin badala aikin hannu?

Ni dai na riga na yanke cewa shinkafa ba za ta shiga safa a gidana ba, almubazzaranci ne. Sai na tuna da waken Inna. Lokacin da za mu taho, mahaifiyata ta ɗaure min wake a ƙaramin buhu, kuma kamar yadda kowace macen kirki take yi, ta barbaɗe shi da dakakken barkono don kada ƙwari su taɓa shi. Barkonon Inna kuwa ba na wasa ba ne, irin ƙananan nan ne da ko a turmi sai an ɗaure hanci. Waken ya kwana biyu a bayan kabad, ya bushe ƙamas, ko an kwana ana dafa shi sai ya yi gardama. Na ce to ga abin da ya dace da safa, kuma ban zubar da abinci ba. Har wani daɗi na ji, na ga ni ce mai hankalin unguwar.

Da Ummi ta tafi makaranta na baje kayan aiki a tsakar ɗaki. Na tsince ɓawon barkonon da ido ke gani, na ɗan bushe waken a faranti, na ce ya isa. Ina ɗurawa ina atishawa, ina tsine wa sanyin New York da murarsa. Hancin da ya girma a kicin ɗin Inna ai ba zai kai ƙarar barkono ba.

Gaskiya ɗaya ce, sun yi kyau. Da na ga wake ya sa jikinsu ya yi gudaji-gudaji, sai na rufa musu asiri da sutura. Na ɗauko ragowar atamfa da shadda. Wannan na ɗaura masa ɗankwali ture-ka-ga-tsiya, wancan na yi masa hula da babbar riga, wata na yafa mata gyale har da 'yan kunne na duwatsun tsohon leshina. Baban Ummi ya dawo daga asibitin da yake aiki, ya leƙa ya ce, "Yau kuma gumaka ake sassaƙawa a gidan?" Ya yi atishawa biyu, ya ce shi ma da alama murar ta kama shi. Na ƙulle su a leda na ɗora a saman firji. Ummi ta hango su ta cikin ledar ta yi tsalle ta rungume ni, sannan ta ɗago kai ta tambaya, shinkafa ce a ciki ko? Na ce, "Ke dai ba sun yi kyau ba?"

Ranar biki na ci ado kamar mai zuwa kamu. Leshi, gyale, takalmi mai tsini a kan ƙanƙara, na ɗora wata ƙatuwar rigar sanyi da ta ɓata tsarin duka. A babban ɗakin wasanni na makarantar aka yi taron. Tagogi a rufe ruf, hita tana ta huro iska mai zafi, yara da iyaye cike maƙil. Na bi teburan ina kallon aikin sauran iyaye ina taɓe baki. Wani ido ɗaya sama ɗaya ƙasa, wani gam ya dalalo masa har tumbi, na Anti Fati kuwa kai ya fi jiki, sai ka ce lemo a kan ƙwallon goruba. Na ce mata, "Sannu da ƙoƙari," da irin muryar da ake yi wa mara lafiya.

Ina kwance ledata na jera nawa, wuri ya ɗauka. Iyaye suka zagaye teburin suna ɗaukar hoto. Ummi ta tsaya a gefe ta riƙe hannun Lusiya, bakinta har kunne, tana nuna ni tana cewa mamanta ce ta yi. Wallahi a wannan lokacin da an auna kaina ba zai shiga ƙofar ɗakin ba.

Sai ga malamar ajinsu, wata doguwar Baturiya mai yawan fara'a. Ta ɗauki mai ɗankwalin, ta kai shi daidai fuskarta tana yi masa magana kamar jariri, sannan ta ɗan bubbuga masa tumbi. Na ga wata 'yar ƙura ja-ja ta tashi. Malama ta yi tsit, ta buɗe baki, ta saki wata atishawa da sai da gilashinta ya zamo.

Yara suka fashe da dariya. Su a ganinsu wasa ne, mutum-mutumi mai fitar da hayaƙi. Kafin in ce kada a taɓa, kowa ya wawuri ɗaya. Wannan ya matsa, wancan ya mara, wasu suka fara jifan juna da su, iskar hita kuma tana kwasa tana rabawa kowa rabonsa. Atishawa ta fara daga teburinmu ta bi layi har bakin ƙofa. Tari ya biyo baya. Wani uba mai ƙaton gemu ya durƙusa yana hawaye. Jarirai suka tsala ihu. Lusiya, wadda ta rungume mai gyalen tun farko, ta murza ido da hannu, ta ƙwalla ƙara tana kiran uwarta.

Ni fa har a lokacin tsayawa na yi ina waige-waige kamar kowa, har da dafe ƙirji, wai ni ma ina neman inda abin ya fito. Mai gadin makaranta ya shigo da gudu yana cewa a buɗe tagogi, shugabar makaranta ta ɗaga waya tana cewa wani ya fesa iskar nan mai yaji da ake korar ɓarayi da ita, za ta kira 'yan kwana-kwana da 'yan sanda.

Anti Fati ce ta ɗauki mai babbar rigar, ta shinshina sau ɗaya. Ta dube ni. Da ma a hankali ta yi magana, amma ina, muryarta ta saba da kurman tsofaffi.

"Maman Ummi! Wannan barkono ne! Mene ka sa ciki?"

Ban da mu da 'ya'yanmu ba mai jin Hausa a wurin, amma kowa ya ga inda yatsanta ya nuna. Shugabar ta sauke waya. Malama, ido jawur, ta ɗauki almakashi ta farke tumbin mai ɗankwali. Waken Inna ya zubo shaa, ya bi santsin daɓen nan yana gangarawa ta ko'ina, jan gari na biye da shi.

Da Turancin da ya gudu ya bar ni na fara bayani. Na ce wake ne. Na ce barkonon don ƙwari ne. Jin kalmar ƙwari sai wata uwa ta janye ɗanta baya, ta zaci su ma suna ciki. Ƙasa ta ƙi tsagewa in shige. Kuma don ku san rashin hankalina bai ƙare ba, da na ga ana tattaka waken da takalma, jikina bai tambaye ni ba, sai ga ni a durƙushe cikin leshi ina tsince shi ina tarawa a gyale. Abinci ne fa, ba a barinsa a ƙasa. Ina ɗago kai muka haɗa ido da Ummi. Tana tsaye ita kaɗai, an riga an ja Lusiya zuwa wurin nas ana wanke mata ido.

An tashi bikin tun ba a yanka kek ba. Aka fito da yara waje cikin sanyi suna ta jan majina. Ba wanda ya ji ciwon kirki, Allah Ya rufa asiri, amma uwar Lusiya ta wuce ta gabana ta yi min wani kallo da ba ya buƙatar tafinta.

Muka kamo hanyar gida ta titin Grand Concourse, ni da takalmi mai tsini ina ta zamewa, Ummi na gaba ba ta ko waiwaye. Na yi mata tayin cakulan, shiru. Na ce ai kowa ya ce namu ya fi kyau, shiru. Muka hau bene, na buɗe ƙofa, ta cire takalmanta ta jera su. Sannan ta juyo, idonta cike da hawayen da ba na barkono ba, ta buɗe baki da Hausa tsantsa, irin ta Kano, babu ko gargada:

"Mama, ai na ce miki shinkafa. Kuma kin ce to."

Tun da bakinta ya juye Turanci nake roƙon Allah Ya nuna min ranar da yarinyar nan za ta sake yi min magana da harshena. Ga ranar ta zo, kuma abin da ta zo da shi ke nan. Na zauna a bakin kujera da gyale cike da wake. Kunyar ɗakin taron duk ba ta kai wannan ba.

Sai da na sayi shinkafar shagon kwana, na hau bene na ƙwanƙwasa wa Anti Fati na ce ta nuna min yadda ake yi. Ta yi dariya har ta gaji, sannan ta nuna min. Muka haɗa wani fari fat, mai ido ɗaya sama ɗaya ƙasa, mummuna irin na kowa, Ummi ta kai wa Lusiya. Sai da aka kwana biyu kafin yarinyar ta dawo ƙarshen teburin nan, amma ta dawo.

Shekarar da ta biyo baya makaranta ta ce auduga kawai za a riƙa ɗurawa, Anti Fati kuma ta raɗa wa abin suna dokar Maman Ummi. Ni dai na koyi nawa karatun. In yarinya ta ce miki shinkafa, ki ba ta shinkafa, ki ajiye wayonki a bayan kabad tare da waken uwarki.