Nomau da Garken Cikin Yayarsa

A unguwarmu akwai wani wawa, Nomau. Kiwon awaki kaɗai ya iya, kuma duk abin da aka faɗa masa haka yake ɗaukarsa, ba ragi. Yana zaune gidan yayarsa Tabawa, mai tuwon sayarwa, wadda ƙiba ta zaunar har ta bar sana'a. 'Ya'yanta maza suna birni. Waya suke yi.

Wata rana ya raka ta asibiti. Likita ya ce kitse ya lulluɓe hantarta, in aka yi sake za ta lalace. Ya ce akwai ƙananan halittu masu amfani a hanjin mutum, a riƙa ciyar da su ganye da wake.

"Garken kai nawa ne, likita?" in ji Nomau.

"Ba sa ƙirguwa."

Da la'asar ya dire mata damin harawa da kwanon dusa. "Yaya, ki daure, garken da yawa." Ta jefe shi da muciya.

Wata rana babban ɗanta, Sallau, ya aiko direba da kwalbar ƙwayoyi, ya biyo da waya. "Kawu, halittu ne masu rai a ciki, ka kula da su." Nomau ya ce mai rai ba ya zama a rufe. Ya fasa ƙwayoyin a faranti, ya yayyafa ruwa, ya kai su tsakar gida su sha hantsi. Kaji suka cinye. Sallau ya zage shi tas. Zuwa dai bai zo ba.

Wata rana aka shigo da wani shayi gari, ana tallarsa da lasifika. Sallau ya aiko da kwali guda. "Kawu, wannan kitse yake narkarwa. Ban da hauka." Nomau ya roƙi kitse wurin mahauci, ya jiƙa shi a shayin cikin kwano, ya rufe, yana leƙawa. Har abin ya fara wari, kitse na nan yadda yake.

"Yaya, na kwano da nake gani bai narke ba, balle naki da ke ɓoye."

Ya juye kwalin a kwata. Tabawa ta yi kuka, ta ce ya kashe ta.

Hajiya Ladidi ta bayan layi, mai 'ya'ya masu hankali, ta sha nata safe da yamma. Kafin damina idonta ya koma ruwan ɗorawa, likita ya ce shayin ya ƙarasa hantar. Tabawa da ƙafarta ta je gaisuwar mutuwa, tana dogara sanda.

Sallau ya ji labari, ya kira. Ba godiya, ba "ina tafe".

"Kawu, na samo wani shayin, ɗan waje ne."

"To, ka haɗo da kitsen gwaji. Mahauci ya daina ba ni."