Mai Girma Ya Tafi Kallon Ganye da Makullin Tankinmu

Ku yi mini sannu, jama'a, don ranar Asabar na sha ƙasa. Ina hawa matakalar unguwarmu ta Nakkasa, a nan Makka, da jarkar ruwa a kafaɗa, saura ƙiris in kai ƙofar gida, silifas ya zame, jarka ta kuɓuce ta gangara tana tsiyaya har gindin dutse. Na zauna dirshan ina kallon ruwan da na sha layi a kansa yana bin kwata.

Maƙwabcina Ɗan'auta, wanda ke tuƙa tasi a unguwar Hindawiyya, shi ya kama hannuna ya tashe ni.

"Sannu Malam Ma'aruf. Ka yi haƙuri, bukra in sha Allahu za a buɗe tanki."

"Wace bukrar? Goben watan jiya ko ta wannan watan?"

Kada wani ya ce ba mu da tanki. Muna da shi, sabo fil, yana zaune a saman dutse cike da ruwa. Kwamitin Walwalar 'Yan Unguwa ne ya kafa mana shi bayan bututunmu ya fashe. Abu ɗaya ya rage, wato Mai Girma Shugaban Kwamiti, Uban Alkawari, Sarkin Yanka Ƙyalle, ya zo ya buɗe shi da hannunsa mai albarka. Shi kuwa ya tafi kallon ganye, kuma makullin yana aljihunsa, domin irin wannan amana ba kowa ake bar wa ba.

Ni ma da na ji maganar kallon ganyen sai da na sake tambaya. Ɗan'auta ne ya wayar mini da kai, tun da shi ya kai Mai Girma filin jirgi a Jidda. Wai akwai wata ƙasar sanyi can nesa, idan kaka ta yi, ganyen itatuwansu kan rikiɗe ya koma ja da rawaya da ruwan goro. Manya sai su shiga wani ƙaton jirgin ruwa mai ɗakunan kwana, yana bin gaɓa a hankali, suna shan shayi suna kallo.

"Kuma wallahi abin sai an daidaita lokaci," in ji Ɗan'auta. "Ka yi gaggawa, ka tarar da shi kore shar. Ka makara, halas, shi ke nan, ya zube."

Ashe abin da ya hana mu ruwa ke nan. Sau biyu Mai Girma yana ɗaga tafiya saboda ganye bai nuna ba. Yana gida duk wannan lokacin, amma ba zai buɗe tanki ba sai ya dawo, domin da sunan kwamiti ya tafi ƙaro ilimi a kan itatuwa, kuma a jawabin buɗe tanki zai amayar mana da ilimin. Ni dai na yaba. Ban taɓa ganin Mai Girma ya damu da lokacin wani abu haka ba. Mutumin da za a sa taro bayan la'asar ya iso ana kiran magariba, ga shi yana kwana yana tashi da lissafin ranar da ganye zai yi ja.

Da ƙishirwata ce kawai, da ban ɗaga murya ba. Ina da zogale guda ɗaya a cikin rabin duro, a bakin ƙofa. Mahaifiyata ce ta taho da irinsa daga gida, a ɗaure a bakin zane, shekarar da ta zo aikin Hajji ta zauna. Idan wani ya tsufa sai ta shuka 'ya'yansa, har Allah ya yi mata rasuwa a garin nan. Wannan shi ne na ƙarshe da ta shuka da hannunta, kuma ban ajiye iri ba, don kullum gani nake yana nan. Ina son itacen nan fiye da yadda ya kamata dattijo ya so itace, ba na jin kunyar faɗi.

Jarkar da gwiwata ke iya hawa da ita ba ta isar sha da girki, balle shuka. Matata Rabi'atu tana tara masa ruwan wankin shinkafa, ni kuma ina yin alwala a gindinsa. Amma ranar Makka ba ta san tattali ba. Ganye ya soma rawaya daga ƙasa yana hawa.

"Malam, ku fasa kwaɗon nan mana," in ji Rabi'atu. "Ruwa na kallonmu muna kallonsa."

"Ke kin manta zamanmu a garin nan? Wanda ba shi da iƙama, takardar izinin zama, ba ya fasa kwaɗo."

Ta yi tsaki ta shige ɗaki, kuma ban ga laifinta ba.

Ranar Alhamis Mai Girma ya dawo da mura. Ɗan'auta ya ce tun daga filin jirgi yake faɗa. Ashe ya ƙara ɗaga tafiyar a karo na uku, kuma kafin jirgi ya isa gaɓar, iska da ruwan sama sun kakkaɓe komai. Rassa ya tarar tsirara. Wai har ya nemi ganin shugaban jirgin, ya tambaye shi ko ba a sanar da zuwansa ba ne. Abin tausayi, bawan Allah ya saba a jira shi.

Jiya aka yi bikin. Yana hawa matakala yana haki, 'yan rakiya na masa fifita, sai ya ja ya tsaya cak a ƙofar gidana. Zogale ya yi rawaya gaba ɗaya tun daga ƙasa har kai, ga hasken yamma ya sauka a kansa.

"Ma sha Allah! Na wane ne wannan?"

"Nawa ne, ranka ya daɗe. Rashin ruwa ne ya..."

"Kawo mini rigar sanyin nan," ya ce wa wani ɗan rakiya.

A cikin wannan zafin ya zura rigar sanyi, ya naɗa mayafi a wuya, ya tsaya a gindin zogalen mahaifiyata. Aka ce mai ɗaukar hoto ya matso sosai kada duro ya fito. Sai wani mai basira a cikinsu ya ce ai a can ganyen zuba yake yi. Kafin in buɗe baki ya kama itacen ya jijjiga. Ganye ya zubo wa Mai Girma a kafaɗa, yana murmushi yana kallon sama.

Daga nan aka hau aka yanka ƙyalle, aka yi tafi, ruwa ya zo. Rabi'atu ta cika bokiti ta juye a duro. Ni kuma na sa farce na kankare bawon itacen daga sama har gindi ina neman ɗigon kore. Ban samu ba.

Yau Ɗan'auta ya nuna mini hoton a wayarsa. Mai Girma ya rubuta a ƙasa cewa tafiya ta yi albarka, mutane kuma sai addu'a suke zubawa, Allah ya kai su wannan ƙasa su ma su gani da idonsu. Na ce ya rubuta musu cewa ba sai sun hau jirgi ba, matakala ce kawai. Sai dai su ma sun makara, ganyen ya zube, kuma na nan ba ya dawowa baɗi.