Motar Malam Shadrak Ta Ƙi Sayuwa

A daminar shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano ne Malam Shadrak, tsohon malamin lissafi da ya haura shekara talatin a Kabo, ya rataya wa motarsa allon sayarwa. Tun bayan rikicin Kaduna 'ya'yansa suka matsa masa ya komo gida, shi kuma ya ce sai ya rabu da motar tukuna. Baƙa ce, doguwa, ƙirar Jamus ta bayan Yaƙin Duniya na Biyu, a hannun wani Bature injiniya ya saye ta. Tun zamanin tsuke bakin aljihu da kayan gyara suka yi wuya take fake a rumfar kwano. Wata ranar kasuwa Hajaratu mai ƙuli-ƙuli ta ratso don ta ga abin da gari ke ta magana a kai, sai ta tarar da taubashinta Jibirin, kafinta daga Gwarzo, zaune a gindin motar. Ya gaishe ta, ta amsa.

"Lafiya lau, alhamdulillahi. Ya mutan Gwarzo? Har yanzu da tuwon shekaranjiya kuke karyawa?"

"Da shi muke karyawa, ƙanzon ne muke tara miki. Ya damina?"

"Ta yi kyau. Gadi aka ɗauki bawana?"

"Wane bawan? Ke da aka ba ni ke kyauta tun kina zanen goyo, na ce a mayar? Saye na zo yi."

"Kai? Mutumin da kekensa ba birki, da diddige yake tsayawa? Matsa in gani." Ta sauke farantinta ta kama ƙofar baya, ta ja, ta ƙara ja. "Wa ya juya musu ƙofar nan?"

"Ta nan ake kamawa, 'yar ƙauye. Baya take buɗewa. Don manyan mutane aka yi ta, mutum ya fito da ƙirji, ba irin fitowarki daga bas ba, ƙafa ɗaya a waje mayafi a ciki."

Ta leƙa kai, ta shaƙi iskar ciki. "Ikon Allah. Kamar shagon dukawa. Wannan kujera ce ko gadon amarya? Kuma wancan na gaban direba katako ne?"

"Katako ne, irin wanda ban taɓa ɗora wa zarto ba. Shekara arba'in da ɗoriya, gara ba ta kusance shi ba. Na ƙwanƙwasa, na sa farce, na shinshina. Har lasa na yi."

"Ka lasa?"

"Neman ilimi ne."

"Allah ya shirya. Wannan ɗan kofin gilashin da aka maƙala fa? Na tofar da tuƙar goro ne?"

"Fure ake sawa."

"Fure a mota! Mutanen da aka ce yaƙi ya cinye musu gari, har suka sami sukunin tsinko fure?"

"Shi ne abin da ni ma ya hana ni sakat. An ce 'yan kaɗan suka ƙera, duk faɗin ƙasar nan da wuya ki sami ta biyu."

"To me ya hana a saye ta? Wata uku ke nan." Ta ja da baya kaɗan, ta rage murya. "Ko gaskiya ne zancen aljanar? An ce wani Alhaji ya zo daga Kano, aka gaya masa ana jin tari a kujerar baya."

"Tsohuwar Baturiya ce. Ba ta jin Hausa, ba ta jin Larabci. Duk mai ruƙiyyar da zai fitar da ita sai ya iya Jamusanci."

"Wa ya gan ta?"

"Ana dai faɗa."

"An kuma ce wa dillalin Getso jarka biyu take sha kafin ta fita daga layin nan."

"Uku, in da iska a gaba."

"Mutumin Legas kuma aka ce masa giyar baya kaɗai gare ta."

"Sai dai ya koma Legas yana kallon Kabo."

"Ka san abin da ya ba ni mamaki, Jibirin? Duk a gaban farantina suke tsayawa su sayi ƙuli. Kowa na tambaya wa ya gaya masa, sai ya ce wani tsoho ne mai fensir a kunne."

Jibirin ya kai hannu a hankali ya zare fensirin ya tura aljihu.

"Kafintoci suna da yawa."

"Masu haƙori biyar fa? Wallahi Hisba zan kai ka. Ƙazafi ka yi wa baiwar Allah, tana zaman zamanta. Ko ka kawo shaidu huɗu da suka ji tarin, ko bulala tamanin. Bayan nan naka ko goma ba zai ɗauka ba."

"In suka gan ki ai ke za su fara kamawa, kina tsorata yara da rana tsaka."

"Bar wasa. Me Malam ya yi maka kake kashe masa kasuwa? Ni na san tare kuke cin abinci."

Jibirin ya ɗauki tsumma ya shiga goge fitilar da ba ta da datti.

"Ranar da aka sayi motar nan, washegari zai ɗaure kaya," ya ce. "Shekara ashirin da bakwai yana koyarwa, ni ina gyara bencinan makarantar. Shekarar da albashi ya yi wata huɗu bai zo ba, buhun masararsa ya raba mana biyu. Da matata Uwaliya ta kwanta ciwon ajali, a wannan kujerar da kike cewa gadon amarya ya kai ta asibiti. Daga ranar motar ba ta sake hawa titi ba. In ya tafi, da wa zan yi dara ranar kasuwa? Da ke? Ke da ko 'ya'ya uku ba ki iya jerawa?"

"To ka buɗe baki ka gaya masa mana."

"Ƙato da gemu ya ce wa ƙato kar ka tafi? Da wane bakin?"

"Da wanda ka lashi katako."

Gyaran murya suka ji. Malam Shadrak ne a bakin zaure, da gwangwanin 'ya'yan dara a hannu.

"Sannu da zuwa, Hajiya. Ya kasuwa? Jibirin, mutuminka na Legas ya dawo jiya, da makanikensa. Bai yarda da zancen giyar baya ba."

Jibirin ya miƙe tsaye, tsumman ya faɗi. "Ka sayar?"

"Ya tambaye ni zancen Baturiya. Na ce masa ni dai ba na son ƙarya, ba ita kaɗai ba ce, har da mijinta. Ko ruwa bai tsaya sha ba."

"Malam!" in ji Hajaratu. "Yaran da ke jiranka fa?"

"Na rubuta musu ba a sami mai saye ba. Akwai ƙarya a ciki?"

Dariya ta kama Hajaratu har sai da ta dafa motar. Ta share ido da bakin mayafi, ta dubi wannan ta dubi wancan, su kuwa kowa ya ƙi kallon ɗan'uwansa. Ta damƙo ƙuli-ƙuli cike da hannu biyu ta zube musu a kan tabarma.

"Na sallama, bawana, yau ka ci ni. Ku yi dararku. In wani mai saye ya sake zuwa ku aika a kira ni, na fi ku iya tarin tsohuwa."