Ranar da Sama Ta Tsayar da Jirgin Masar

"…da gajiyar hanya, tsohon mijina? To, ina murjanina?"

A'i ce tsaye da ƙwaryar fura a zauren kakanta, Alhaji Ƙasimu na Birnin Kudu, wanda ya dawo daga Makka ta hanyar Masar. A wancan zamani, wajen 1874, mahajjaci yakan bar jika tana wasan ƙasa, ya dawo ya tarar da ita tana daka. Alkawarin da ya yi mata kuwa ya girma tare da ita.

"Miƙo furar tukuna, uwar kwaɗayi."

"Babu murjani, babu fura. Auren ma ya mutu yau."

"Laifin sama ne, ba nawa ba. A Masar akwai jirgin ƙasa, ɗakuna ne a jere suna gudu kan ƙarfe. Ba ya tashi sai wata waya mai ƙwanƙwasa saƙo ta gaya masa babu wani jirgi a gabansa. Na shiga zan je kasuwar Alƙahira saboda ke, sai sama ta yi ja wur bayan magariba. Waya ta haukace, tana ƙwanƙwasa ita kaɗai, tana tartsatsi. Ma'aikata suka rasa inda ɗaya jirgin yake, suka hana namu motsi. Ayarinmu kuwa ba ya jira, dole na sauka na koma."

"Ɗaki mai gudu! Waya mai hauka! Haƙoranka sun zube, ƙarya ta sami ƙofa."

"Ke da ko Gwaram ba ki taɓa zuwa ba!"

"Ai gara ni, ban je Makka na dawo da tatsuniya ba."

Sai Dada, matar Alhaji, ta leƙo daga bayan zana. "Ja wur, Alhaji? Da sanyi, shekaran bara? Ashe har can ta kai! Mu nan cewa muka yi Wurno ce ke ci da wuta. Wace ce ta ruga da tulu za ta kashe gobara, ta fasa mini shi a bakin ƙofa?"

A'i ta rufe fuska da mayafi. "Kai, Dada! Kishi ne kawai." Ta durƙusa tana dariya, ta miƙa ƙwaryar.

Alhaji ya sha, ya goge gemu, sannan ya zaro sarƙar murjani daga aljihu. "Wani mai murjani ma sama ta tsare shi, kusa da ni ya zauna."

"To, me ya sa ka wahalar da ni?"

"Da na ba ki tun farko, wa zai saurari labarin jirgina?"