Ranar Da Fiyano Ya Yi Kiɗa A Gaban Malam Bawa

Ba zan taɓa mantawa ba da wata walimar aure a Shinkafi, farkon ƙaddamar da shari'a a Zamfara. Har yau in na ji an ambaci fiyano sai bayana ya kama ƙaiƙayi.

A lokacin ni ne sarkin fiyano na unguwarmu a Ƙaura (ni na naɗa kaina, ba wanda ya ɗaura mini rawani). Yayana direba ne ya sayo shi na hannu a Maraɗi. Bari in faɗa muku sirrin: in ka kunna kiɗan rakiya, yatsa ɗaya za ka aza a ɓangaren hagu, shi kuma ya saki ganguna da bushe-bushe, ya ci gaba ko ka ɗauke hannu. In waƙa ta juya, ka koma wani maɓallin. Uku kacal na sani, har fenti na ɗiga musu don kada su ɓace mini. Sauran aikin lumshe ido ne da girgiza kai, hannun dama yana yawo sama-sama. Mutane kuwa sai "Kai, yaron nan aljani ne!" Ni ma har na fara yarda.

Da shari'a ta zo, makaɗa suka rataye kalangu, labarin bulala ya cika kasuwa. Ni dai matsoraci ne, ban ɓoye ba, na tura fiyano ƙarƙashin gado. Ana nan sai auren abokina Sani ya taso a Shinkafi. Mahaifinsa ya nemo izini cewa ɗaliban Islamiyya za su rera waƙar nasiha, fiyano ya bi su a hankali, amma ban da ganga. Ya ja ni gefe ya ce, "Ka ji ni da kyau, ɗana. In ganga ta tashi wurin ga, bayanka za ya sha, ba nawa ba."

Bayan la'asar na shimfiɗa tabarma, na aza fiyano a benci, na jona shi da batirin mota. Na je kashe ganguna, ashe maɓallin kusa da shi na danna, wanda ke sa fiyano ya yi lamo yana jira a taɓa hagu ya fashe da kiɗa. Na ga wata 'yar wuta tana ƙyaftawa, na ce batir ne ya yi sanyi.

Sai ga Malam Bawa, shugaban 'yan agajin garin, dogo, ba fara'a, dorina a kafaɗa. Ya nufo ni kai tsaye. Na ce bari in riga shi da ladabi. Na yunƙura in durƙusa, na miƙa masa hannun dama. Hagun kuwa dole ta nemi madogara, ta sauka daidai kan fentina.

Innalillahi! Ganguna suka ɓarke, irin kiɗan da ake cashewa a gidan rawa. Ɗalibai suka watse. Na kai wa maɓallai duka, na danna wannan kiɗa ya ƙara gudu, na danna wancan algaita ta shigo. (Na rantse na ga ƙafar wani dattijo ta fara motsi, ya yi maza ya danne ta da hannu.) Ni ba na ganin komai sai dorinar nan. Har na hango kaina kwance a ƙofar alƙali, duk 'yan Ƙaura sun zo kallo.

"Wa ka kiɗin ga?" in ji Malam Bawa.

Na ɗaga hannuwa biyu sama. "Allah gafarta Malam, ba ni na ba! Ga hannuwana, duba! Shi ka yi da kainai! Wallahi ko da can ma shi ka yi, ni yatsa guda nika azawa!"

Fiyano kuwa ya ci gaba da gashi, yana ba ni shaida.

Malam ya dubi hannuwana a sama, ya dubi fiyano. Ya sunkuya ya fizge waya daga batir, shiru ya dawo.

"To in shi ka kiɗinai, kai mine ne aikinka?"

Na sunkuyar da kai. "Girgiza kai, Malam."

Sani ne ya fara fashewa da dariya, ango guda, sannan kowa ya ɗauka. Malam Bawa ya gyara dorinarsa ya ce, "Tashi, yaro. Ba a yi wa mutum bulala kan abin da bai iya ba."

Kafin in dawo Ƙaura labari ya riga ni. Sarauta ta faɗi, suna ya tashi: Ba-Ni-Na-Ba. Yau ga furfura a gemuna, amma ko a Moriki ranar kasuwa da shi ake kirana. Da bulalar na sha, da tuni ta warke.

Don haka in za ka durƙusa wa manya, fara duba inda ka aza hannun hagu.